Amsa Ga Uban Da 'Yarsa Ke Jin Hausa Amma Ba Ta Iya Mayarwa

Tambaya: Wani bawan Allah haifaffen Tudun Wadar Kaduna, wanda aiki ya zaunar da shi a Toronto ta ƙasar Kanada, ya aiko da tambaya game da 'yarsa ta fari mai shekara 16, wadda a can aka haife ta. Ya ce tana jin kusan duk abin da ake faɗa a gida da Hausa, amma da Turanci take amsawa. Yanzu ita da kanta ta ce tana so ta iya, don ta riƙa hira da kakarta. Yana son sanin littafi ko manhajar da zai saya mata, da irin Hausar da ya kamata ta koya, ta Kano ko tamu ta Kaduna, da kuma ko lokaci bai ƙure ba. Ya ƙara da cewa mahaifiyarta Bafulatana ce, ko za a iya haɗa mata da Fulatanci.

Amsa: Malam, Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka. Lokaci bai ƙure ba ko kaɗan, kuma tunda ita ce ta nema da bakinta, an riga an tsallake wuri mafi wuya. Na daɗe ina koyar da Hausa a nan Kaduna, da farko ga baƙi irin masu yi wa ƙasa hidima da ma'aikatan da aka turo daga Kudu, daga baya kuma ta intanet ga 'ya'yan mutanenmu da ke Ingila da Amurka da can Kanada taku. Yara irin taka sun fi kowa saurin kamawa, kuma sun fi kowa saurin yin zuciya su daina. Dalilin abu biyun ɗaya ne: kunnenta ya riga ya san yadda Hausa mai kyau take, saboda haka duk lokacin da ta buɗe baki tana jin kuskurenta kafin kowa ya ji.

Abin da ya faru a gidanka sananne ne. Joshua Fishman, masanin nan Ba'amurke da ya yi dogon nazari kan yadda harsuna ke salwanta a bakin waɗanda suka bar ƙasarsu, ya nuna yadda abin kan tafi: iyaye su zo da harshensu, 'ya'ya su taso suna ji suna amsawa da harshen gari, jikoki su taso ba su san komai ba. Ya kuma dage a kan cewa makaranta da rediyo da littattafai ba sa maye gurbin maganar yau da kullum tsakanin manya da yara a cikin gida. 'Yarka tana mataki na biyu. Ba a taɓa samun ranar da ta buƙaci wani abu ta rasa saboda ba ta faɗe shi da Hausa ba, shi ya sa harshenta bai motsa ba. Don haka kafin littafi, abin da take buƙata shi ne mutumin da ba za ta iya yi wa Turanci ba, wanda kuma ba zai yi mata dariya ba. Wannan mutumin kuwa kuna da shi a Tudun Wada.

Bari in tsaya a kan batun littafi, don a nan iyaye da yawa ke kashe kuɗi su ga ba biyan buƙata. Rubutun bokon da muke amfani da shi, wanda aka tsayar da ƙa'idojinsa a shekarun 1930 zamanin Hukumar Talifi ta Zariya, aka kuma yaɗa shi ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, ba ya nuna abubuwa biyu da maganar Bahaushe ta dogara a kansu: karin sauti, wato hawa da saukar murya, da tsawon wasali. Mu da muka sha harshen a nono ba ma lura, ido na ganin kalma baki na cika sauran. Amma ka rubuta "gari" ka miƙa wa yarinyarka, ba ta da hanyar sanin garin Kaduna kake nufi ko garin tuwo. Haka "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, haka "fara" ta launi da "fara" da ake soyawa da "fara" aiki. Yarbawa suna sa wa nasu karin sautin alama a rubutu, mu ba ma sawa.

Da a kalmomi kaɗai abin ya tsaya da da sauƙi, to har cikin nahawu ya shiga. Dubi waɗannan: "Audu ya tafi." "A ce wa Audu ya tafi." "Audu ne ya tafi." "Ƙyale shi, in ya gaji ya tafi." Ka faɗe su da ƙarfi ka saurari "ya" da ke gaban "tafi". A na farko ka ja shi da murya sama, aiki ya riga ya auku. A na biyu gajere ne da murya ƙasa, umarni ne. A na uku gajere ne da murya sama. A na huɗu ka ja shi murya ta gangaro daga sama zuwa ƙasa, abin bai auku ba tukuna, ana dai sa rai. Haruffa biyu ne a takarda, ma'ana huɗu a baki. Yaron da ya fara da littafi shi kaɗai a ɗaki zai karanta su duka iri ɗaya, da karin Turanci, kuma in bakinsa ya saba da haka gyaransa aiki ne ja. Ƙa'idar da nake bi ita ce, kada ɗalibi ya karanta jimlar da bai fara jin ta a bakin mutum ba. In ka sayo littafi, kai ko mahaifiyarta ku karanta shafin ku naɗa a waya, ta saurara sau da yawa, ta bi da baki, sannan ta duba rubutun.

Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da 'y da ts, su ma sai da kunne da kwaikwayo. Yawancin yaran da suka taso suna jin Hausa a gida suna iya furta su in an ɗan ja hankalinsu, a sa musu "kasa" kusa da "ƙasa", "bari" kusa da "ɓari". A sa mata allon rubutu na Hausa a wayarta tun yanzu don ta saba rubuta su.

Yanzu ga aikin da ya rataya a wuyanka. Kada ka tashi rana ɗaya ka ce daga yau an hana Turanci a gidan nan, ba za ta ɗore ba, kuma faɗa za ta haifar. Ku zaɓi wuri ɗaya ko lokaci ɗaya da kowa ya amince Hausa kaɗai ake yi, kamar lokacin cin abincin dare, ko cikin mota in za ka kai ta makaranta. Mota tana da daɗi ga mai jin nauyi, don ba a kallon juna. In ta yi kuskure kada ka tsayar da ita. In ta ce "Baba, motan ya lalace," ka ce "Af, motar ta lalace? Yaushe?" ka ci gaba da hira. Ta ji gyaran, ba ta ji kunya ba. In kalma ta ɓace mata ta sa ta Turanci a tsakiyar jimla, bar ta ta ƙarasa, ka ba ta kalmar daga baya.

Ina roƙonka da babbar murya a kan dariya. Mu Hausawa muna da al'adar in yaro ya yi gwaranci a kira mutane a ce "maimaita su ji," a ƙyalƙyale da dariya, a laƙaba masa Bature ko Baturiya. A wurinmu so ne da wasa. A wurin budurwa mai shekara 16 da ta tattara ƙarfin hali ta buɗe baki, wannan na iya rufe bakin shekara guda. Na ga yaran da suka yi nisa suka daina saboda dariyar kawu ɗaya a waya. Ka gaya wa 'yan'uwa tun da wuri, da ƙannenta na cikin gida ma.

Sai kakarta. Kaduna na gaban Toronto da awa 5 lokacin zafinku, awa 6 lokacin hunturu. Ƙarfe 11 na safiyar Asabar a wurinku, ƙarfe 4 ko 5 na yamma ke nan a nan, Hajiya ta idar da La'asar ana shirin ɗora tukunyar dare. Ku tsayar da wannan lokaci duk mako. Amma kada a bar kiran ya zama gaisuwa kawai, don daga "ina wuni, lafiya lau, ya karatu" sai shiru, sai ta miƙo maka waya. A ba su aikin da za su yi tare. Wata ɗalibata da ke Ingila, da kakarta a Unguwar Sanusi, tuwon masara ne ya buɗe mata baki. Ta jingina waya a kicin, tsohuwa na kallonta ta bidiyo tana ba da umarni: "Ruwan ya tafasa? To dama garin da ruwan sanyi. Zuba a hankali, juya, juya, kada ya yi gudaji. Wannan shi ne talge, rufe shi ya nuna. Ina muciyarki? Rage wutar, zai kama!" Yarinya hannu na aiki, ba ta da sukunin fassara a kai, sai ji na yi ta ce "Hajiya, ya yi tauri, in ƙara ruwa?" ba ta ma san ta faɗa ba. Tuƙi, sulala, kwashewa, mara, malmala, duk a yammacin nan ta riƙe su, kuma ba su sake ɓace mata ba. Tsakanin mako kuma su riƙa musayar saƙon murya ta WhatsApp. Amfaninsa shi ne tana iya saurara ta maimaita, ta shirya amsarta, ta goge ta sake in bai yi mata ba. Kuma muryar Hajiya tana taruwa a ajiye, abin da wata rana za ku gode wa Allah da kuka yi.

Game da wace Hausa: daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubutu da ita ake kuma koyarwa a makarantu da karanta labarai, a kan Kananci aka gina ta. Tamu ta Kaduna kuwa tarihin garin ne ya haife ta. Tun da aka mai da shi hedikwatar Arewa a 1917, sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati, daga baya da na masaƙun Kakuri, suka taru daga ko'ina, Hausa ta zama abin da ke haɗa su, a kan tushen Zazzaganci. Shi ya sa za ka ji "rigan" a maimakon "rigar", ka ji "ne" inda Bakano zai ce "ce", ga Turanci da ake tsarmawa. Ra'ayina shi ne ta yi magana yadda kakarta ke yi, don da ita take so ta yi hira, kuma babu karin harshen da ya fi wani asali. Amma a koya mata bambancin namiji da mace yadda yake a daidaitacciya, domin wanda ya iya shi yana iya sassautawa in ya shiga Kawo ko Kakuri, wanda bai iya ba kuwa zai sha wuya ranar da ya zo rubutu. Ƙa'idar ba ta da tsawo: yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, ban da irin su gida da ruwa da nama da suna, kuma sunayen garuruwa mata ne, shi ya sa muke cewa Kaduna ta cika.

Akwai wurare uku da na ga yaran waje na tuntuɓe, inda malami ke da amfani. Na farko jam'i. Hausa ba ta da hanya ɗaya: gida gidaje, mota motoci, ƙasa ƙasashe, sarki sarakuna, doki dawaki, littafi littattafai. Maganinsa kada ta taɓa koyon suna ba tare da jam'insa ba. Na biyu sauyin da ke zuwa bayan tambaya ko ƙarfafawa: muna cewa "sun zo" amma "yaushe suka zo", "yana zuwa" amma "shi ne yake zuwa". Za ka ji ta ce "yaushe sun zo", wannan kuskure ne na kowa, yana gyaruwa da maimaici. Na uku shi ne yadda aikatau ke sauya ƙarshensa ma'ana ta sauya, abin da F. W. Parsons na makarantar SOAS ta Landan ya tsara zuwa aji 7 a 1960. Daga saya ake samun sayo da sayar da saye da sayu. Ba sai ta haddace lambobin ajin ba. A fara mata da mai "o" a ƙarshe, wanda ke nuna aiki ya nufo mai magana, don a cikin gida ana amfani da shi kullum: shiga da shigo, fita da fito, ɗauka da ɗauko, aika da aiko. Ka tsaya a ƙasan bene tana sama ka yi ta aikenta, a rana ɗaya za ta gane.

Littattafan da zan ce ka nema ƙamus ne, kuma wanda ke sa alamar karin sauti da tsawon wasali. Na Paul Newman na Hausa zuwa Turanci da ya fito a 2007, da na Roxana Ma Newman na Turanci zuwa Hausa na 1990, duk suna yin haka. Tsohon ƙamusun Bargery na 1934 yana nan a intanet, yana da zurfi ƙwarai, sai dai akwai kalmomin da yanzu sai tsofaffi. Akwai kuma darussan da cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta shirya a 1963, da muryoyin da aka naɗa, ana samun su kyauta; sun tsufa, amma atisayen furucinsu yana da kyau. Manhajojin waya kuwa, waɗanda suka yi suna ba su ba Hausa wani muhimmanci ba, ƙananan da ake samu kuma yawanci jerin kalmomi ne. Fassarar Google tana da Hausa tun 2013, tana taimakawa a kan kalma ɗaya ko biyu, amma ba ta san ko da namiji ake magana ko da mace ko da babba ba, sai ta ba ta "ka" inda ya kamata ta ce "ki" ko "ku".

Wannan ya kawo ni ga gaisuwa, wadda ni a wurina ita ce darasin farko, kafin ƙirga da sunayen launi. Bahaushe na yafe wa baƙo karyayyen nahawu, amma yana lura da wanda bai iya gaisuwa ba. Ta san kowace tambaya da amsarta: ina gajiya, ba gajiya, ina labari, sai alheri, ya jiki, da sauƙi, ya aiki, da godiya. Ta san abin da ake faɗa a gidan haihuwa da gidan rasuwa da wurin mara lafiya, "Allah ya raya", "ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai", "Allah ya ƙara sauƙi". Ta san ana ce wa babba "kun tashi lafiya", ana cewa "Hajiya sun fita", ta san wace ce goggo wace ce inna, wane ne kawu wane ne baffa, ta kuma san dalilin da ya sa ake sakaya sunan yaron da aka yi wa takwara da kaka. Yarinyar da ta riƙe waɗannan za ta shiga kowane gida a Kaduna a karɓe ta hannu biyu, ko da sauran Hausarta kaɗan ce.

Rediyo yana da amfani, amma a san wanda za a kunna. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, Rediyon Tarayya na Kaduna tun 1962, na Jamus tun 1963, kuma yanzu duk ana kama su a waya. Sai dai Hausar labarai tana da nauyi ga mai koyo, kasafin kuɗi ne da majalisar dattawa da tsagaita wuta. Shirye-shiryen da mutane ke bugo waya, da na mata, da wasan kwaikwayo, sun fi kusa da abin da za ta faɗa. Finafinan Kannywood ma haka, amma masu fassarar Turanci a ƙasa ido ne ke aiki kunne na hutu, sai ta kalla sau ɗaya da rubutun, ta sake kallo an rufe shi. Ka kuma riƙa duba abin da za ta kalla ko ta saurara, musamman littattafan da ake karantawa a YouTube, don ba duka suka dace da shekarunta ba.

In za ka ɗaukar mata malami, akwai waɗanda suka karanta Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Jihar Kaduna da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Zariya, da yawa suna neman irin wannan aiki, kuma mace za ta fi mata sakewa. Ka zauna a darasin farko ka lura da abu biyu: wa ya fi yin magana, kuma da wane harshe. In malama ce ke ta bayani da Turanci yarinya na gyaɗa kai, kuɗinka kake zubarwa. Rabin awa sau uku a mako ya fi awa biyu a zama ɗaya. Ku kuma yi yarjejeniya tun farko kan abin da za a yi ranar da aka ɗauke wuta ko intanet ya yanke, don kada darasi ya riƙa faɗuwa.

In Allah ya kawo ku hutu, kada ka sauke ta a gidan 'yan'uwa a Malali ko Barnawa inda sa'o'inta za su samu wadda za su gwada Turancinsu da ita. Yaranmu na nan ma da yawa Ingausa suke yi. Ta kwana a ɗakin Hajiya a Tudun Wada. Ta bi goggonta Kasuwar Barci, a ba ta kuɗi a hannu ta yi ciniki da kanta, ta taya a ce mata albarka, ta ƙara, a sallama, ta nemi gyara. In akwai biki a dangi a bar ta cikin mata tun daga sa lalle har kai amarya. Mako uku a haka yana yin abin da wata shida na darasi ba zai yi ba, musamman in ta zo da abin da ta tara. Karin Turanci zai iya zama a bakinta har abada, wannan ba aibi ba ne, kada a sa mata ido a kansa.

Batun Fulatanci kuma, ina jin nauyinsa, don abin da Turanci ke yi wa Hausa a gidanka shi Hausa ta yi wa Fulatanci a gidajen Fulanin gari, kuma iyaye Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap a jihar nan suna kuka iri ɗaya da naka. Fulatanci ba shi da karin sauti irin namu, ta nan ya fi sauƙi. Nauyinsa yana wurin azuzuwan suna, waɗanda suka haura 20, da sauyawar baƙin farko tsakanin tilo da jam'i, kamar Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe, debbo da rewɓe. Ban ba da shawarar a haɗa mata darussa biyu a lokaci ɗaya ba. A fara da Hausa, tunda ita ce ta riga ta cika mata kunne, mahaifiyarta kuma ta ware nata lokacin tana yi mata Fulatanci ba tare da neman ta amsa ba, ta haɗa ta da dangin uwa a waya kamar yadda za a yi da Hajiya. In lokacin neman malami ko littafi ya zo, a tambaya na wane yanki ne, domin abubuwa da yawa da ke intanet Pulaar ne na Senegal ko Pular na Gini, wasu ma da haruffan Adlam da aka ƙirƙiro a Gini a ƙarshen shekarun 1980, kuma sun yi nisa da Fulfulden Adamawa ko na Sakkwato da mahaifiyarta za ta gane.